Kafin ka ce "i7 nake so", tambayi wutar da take sha

Duk wanda ya shiga Beirut Road a Kano neman kwamfutar tebur, tambaya ɗaya ce a bakinsa: "Malam, i7 ce?" Da mai shago ya ce i7 ce, shi ke nan, an wuce wurin, sai cinikin kuɗi. Ni kuwa a ganina wannan tambayar ita ce ta fi kowacce cutar masu saye a garin nan.

Sunan i3 ko i5 ko i7 da kamfanin Intel ke sa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, kuma kusan kowace shekara Intel na fitar da sabon zubi. Core i7-3770 ta fito a 2012 da ƙwayoyin aiki huɗu, wato sassan da ke raba aiki a cikinta. Core i3-12100 ta fito a 2022, ita ma huɗu gare ta, amma ta bar waccan nesa ba kusa ba wajen sauri, alhali a takarda wat 60 take nema, tsohuwar kuma wat 77. Ka ga ƙaramar ta fi aiki, ta kuma fi sauƙin wuta. Gane zubin ba wuya: lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan ita ce, ko biyun farko in lambobin biyar ne. 3770 zubi na uku ne, 8500 na takwas, 12400 na sha biyu. Abin lura kuma, a hukumance Windows 11 ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas sai 'yan tsiraru, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Tsofaffin HP da Dell na gwanjo da ke jere a shaguna, da yawansu sun faɗa wannan ramin.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne wuta. Masu gwajin furosesa a YouTube suna zaune ne a inda ba a ɗauke wuta, ɗakinsu da sanyi, saboda haka sauri suka fi damuwa da shi. Mu a Kano lissafinmu daban ne. Core i9-14900K, wadda ake yi wa kallon sarauniya, idan aiki ya yi nauyi tana jan har wat 253, ita kaɗai, ba a sa katin hoto da allo da fankoki ba. Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, kishiyar Intel, kuwa ajin wat 65 ce, ƙwayoyinta shida, kuma da katin hotonta a ciki, ba sai ka sayi wani ba. Yanzu ka ɗora kowacce a kan inbata da batir biyu da daddare, ka ga wacce za ta kai ka asuba. In a janareta kake, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba sai an yi maka bayani ba. Mai wutar Band A ma ya san yadda mita ke gudu tun ƙarin kuɗin Afrilun 2024.

Sannan duk wutar da furosesa ta sha, zafi take komawa. A watan Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ka shiga ƙaramin shagon da ake tace bidiyo a Zoo Road, ka kai hannu bayan akwatin kwamfutar, iska ce mai ƙuna take fitowa, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Da zafin ya kusa digiri 100, furosesar Intel da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wato saurin da ka biya kuɗi dominsa bai zauna a hannunka ba. Ƙurar hunturu kuma ta zo ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ta. Wallahi kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa, hura su kawai suke so da sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka.

Ba cewa nake AMD ta gama da Intel ba. Core i5-12400 ajin wat 65 ce ita ma, kuma tana aiki lafiya lau. Manyan zubi na 13 da na 14 ne suka samu matsalar yawan ƙarfin wuta, wadda Intel ta amsa a 2024 har ta ƙara shekara biyu a garantinsu. To garantin nan, wa zai bi maka shi daga Kano?

Wanda sana'arsa tace fim ce ko zanen gine-gine, shi kam ƙwayoyi da yawa suna rage masa awannin jira, kuma lokaci kuɗi ne a wurinsa, ya sayi babbar, ya tanadi sanyi. Amma mai shagon buga takardu da ke yi wa ɗaliban BUK furojet da rajistar jarrabawa, me zai yi da i9? Ya nemi i3 ko i5 daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen mai katin hoto a ciki, ya sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da ram, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, mai gigabait 16, ragowar kuɗin ya ƙara batir.