Ba kowane ciwon kai ba ne maleriya ko taifot

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mai ciwon ɓarin kai ke shiga asibiti ya fito da maganin maleriya ko na taifot, ba tare da an tambaye shi yadda yake kwana da yadda yake yini ba. Mutum ya ce kansa na sara ta gefe ɗaya, zuciyarsa na tashi, ba ya son haske, ko kukan yaro ba ya iya jurewa, ciwon kuma yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3. Wannan bayani kaɗai ya isa a zauna a yi masa tambayoyi. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da wannan ciwo, mata kuma sun ninka maza kusan sau 3.

Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne. Damuwa ce kan gaba, sai rashin barci, har ma da barcin da ya wuce kima. Akwai yunwa da ƙishirwa, shi ya sa wasu ke shan wahala a farkon azumi, musamman wanda ya saba da shayi ko goro ya daina kwatsam. Ga zafin ranar Maris zuwa Mayu. Ga ƙamshi mai ƙarfi, kuma a nan nake roƙon matanmu su yi haƙuri: turaren wuta da humra na iya kwantar da wata yini guda, kamar yadda hayaƙin janareta da warin fetur ke yi. Idan baƙuwa ta ce a rage turare, ba raini ba ne.

Mata da yawa ciwon na zuwa musu daga kwana 2 kafin al'ada zuwa kwanakinta na farko, saboda sauyin sinadaran jiki. Wadda ke ganin walƙiya ko dishi-dishi kafin ciwon ya taso ta faɗa wa likita tun ba a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa ba, domin wasu nau'ukan na ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne shi kansa maganin. Mai shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 idan irin mai haɗi ne kamar Panadol Extra, watanni a jere, maganin na iya zama shi ke dawo da ciwon. Kai ya sara, a aiki yaro kemis, gobe ya sake sarawa, a sake aike. Mai kemis ba zai hana ba, ciniki yake.

Abin da ke tayar wa wani ba lallai ya tayar wa wani ba, kuma sau da yawa sai biyu ko uku sun haɗu. Don haka a samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, awa nawa aka yi barci, me aka ci, wane magani aka sha, a je wa likita da shi.

Amma ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko karkacewar baki, ko ga mai juna biyu, wannan ba na jira ba ne. A tafi asibiti nan take.