Na sayi doki, linzami yana hannun wani

Yau kwana goma sha tara ke nan farantin intanet ɗin da muka kashe dukiya a kansa yana zaune bisa rufin gidanmu kamar faifan shanya kuɓewa. Raina a ɓace yake, kuma ba zan rufa wa mutumin da ya yi mana wannan aika-aika asiri ba, ko da yake ba zan kama sunansa ko na shagonsa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gelendeng da Bongor, nesa da kwalta. Rezon waya sai ka hau tudun bayan makabarta ka ɗaga hannu sama kafin ka samu sanda ɗaya. Yayana, ɗan farin Inna, shekara shida yana Jidda. Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce, "Wancan na gabas bai kira ba?" Idonta ya fara rauni, burinta ta ga fuskarsa tun tana iya gani. Da muka ji Starlink, kamfanin intanet ta taurarin ɗan Adam, ya samu lasisi a Cadi a watan Nuwamban 2024, ya kuma fara aiki a Yulin 2025, sai Yaya ya turo rabin kuɗi, ni kuma na sayar da buhunan riɗi na cika, na hau mota zuwa Njamena.

Mai shagon ya tarbe ni da shayi da daɗin baki. "Alhaji, kai dai kawo kuɗi, komai a wuyana. Faranti, panon sola, batir, haɗawa, har kuɗin wata ni zan riƙa biya maka, kai ka turo mini kawai." Na ce a buɗe rajista da sunana. Ya ce wahala ce, sai da imel da katin banki, me zai sa in dami kaina? Na nemi faktir, ya yago takarda daga littafin 'yan makaranta ya rubuta adadi, ba hatimi, ba lambar na'ura. A nan ya cuce ni, kuma yana sane.

Yaron da ya turo ya haɗa mana ya iso da la'asar yana sauri kada dare ya yi masa. Ya kafa farantin a kan katangar zaure, daidai ƙarƙashin dalbejiyar da marigayi Baba ya dasa. Wayar da ke cikin kwali mita 15 ce, ta isa ta kai rufin ɗakin da ke fili, amma ya naɗe ta ya cusa bayan ƙofa don ƙyuyar hawa tsani. Taurarin nan ba a tsaye suke wuri guda ba kamar na tasar talabijin. Suna gudu ne a nisan kusan kilomita 550 daga ƙasa, farantin yana sakin wannan ya kama wancan, saboda haka yana son sarari buɗe, reshe ɗaya ma yana yanke magana. A cikin manhajar kamfanin akwai wurin da ake ɗaga kyamarar waya a duba ko wani abu ya tare sama, aikin minti biyar. Bai yi ba. Ranar farko Inna ta zauna a tabarma da sabon mayafinta, fuskar Yaya ta fito, ya ce "Inna," hoton ya daskare. Ya dawo, ya sake daskarewa. Da na kira mai shagon, wai in sare bishiyar! In sare inuwar da mahaifina ya bar mana saboda yaronka ya ƙi hawa tsani? Ni da ƙanena muka cire farantin muka mayar rufi da hannunmu.

Sai maganar wuta. Ba mu da kuran, kowa ya sani, shi ma na gaya masa. Ya haɗa ni da pano ɗaya da batir ɗaya mai amfiya 100, ya rantse zai kwana yana aiki. Ƙarfe ɗayan dare komai ya mutu, kullum. Wani matashi mai aikin sola a Bongor, Allah ya yi masa albarka, shi ya zauna ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke. Babban farantin yana shan wat 75 zuwa 100. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa guda, kuma irin namu na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan awa shida zuwa takwas ne iyakarsa, ban da abin da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ke ci. Mu kuwa kullum muna tatse shi har ƙasa ba mu sani ba, cikin mako bakwai ya daina riƙe caji. Ya ce akwai ƙaramin faranti, Mini, mai shan wat 25 zuwa 40, wanda ya fi dacewa da gidan da ba kuran. Mai shagon yana da shi a kanta, na gan shi da idona. Bai ko ambata mini ba, don babban ya fi kawo masa riba.

Duk wannan na haɗiye, na sayi batir na biyu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wanda ya biyo baya. Wata biyu cif, intanet ya ɗauke gaba ɗaya. Matashin nan ya duba ya ce na'urar a Najeriya aka yi mata rajista, a kan tsarin matafiya, kuma ƙa'ida a rubuce take cewa ba a wuce kimanin wata biyu a wata ƙasa da wannan tsarin ba tare da an mayar da adireshi ba. Mai mayarwa kuwa sai mai asusun. Mai sakin na'urar ta koma sunan wani, shi ma sai mai asusun. Wane ne mai asusun? Mutumin da ya karɓi kuɗin wata uku a hannuna tun gaba, yanzu kuma ba ya ɗaga wayata.

Sau biyu ina zuwa Njamena, kuɗin mota, kuɗin kilando, kwana a gidan mutane, ga aikin gona na bari. Zuwan farko yaransa suka ce ya tafi Kuseri. Na biyu na same shi, ko kunya babu ya ce in ƙara jaka hamsin "a gyara takardu". Wace takarda? Kayana ne, da guminmu muka saya! Ba ni kaɗai ba ne kuma, a bakin shagon na haɗu da wani malamin makaranta daga wajen Durbali da irin wannan kuka.

Jiya da magariba Inna ta tambaye ni, "Abin naku ya gyaru?" Na rasa bakin amsa mata. Yaya kuma yana can yana zaton sakacina ne.

Ranar Asabar zan koma, wannan karon da dattawa biyu na zango da takardar da ya rubuta da hannunsa, mu je gaban shugaban 'yan kasuwar layinsu. Ba na son shayinsa, ba na son haƙurinsa. Ya buɗe asusun a gabansu, ya saki na'urar ta dawo sunana da adireshin ƙauyenmu, ya mayar mini da kuɗin watan da ya ci da kuɗin batirin da ya kashe. Idan ya ƙi, daga nan sai gaban hukuma, kuma malamin Durbali ya ce tare za mu shiga.