Suna da Na'ura, Muna da Jini

Ranar da labarin Casgevy ya fito wayata ba ta huta ba. A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta zama ta farko a duniya da ta amince da wannan magani na gyaran ƙwayoyin halitta ga masu sikila, kuma da yake a Ingila nake zaune, duk mai ɗa ko ƙane da ke fama da ciwon ya ɗauka a bakin ƙofata ake rabonsa. "Yaya, an ce an samo maganin sikila a wajenku." An samo kam. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, a nan kuwa fam miliyan 1.65 a takarda, kuma sai a Janairun 2025 aka yarda a fara bayar da shi a asibitocin gwamnati na Ingila, ga mutum kamar 50 a shekara.

Akwai kuma abin da masu tura labarin ba su karanta ba. Kafin a kai ga maganin, sai an yi watanni ana musanya wa majiyyaci jini. Sannan a ɗaura shi a kan na'ura a tsamo ƙwayoyin ɓargonsa daga cikin jini, wani lokacin fiye da sau ɗaya, a tura su ɗakin bincike a gyara. Sannan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu daji ya share tsohon ɓargon, wanda kan iya hana shi haihuwa, kafin a mayar masa da gyararrun, ya kwanta makonni a asibiti ana ƙara masa jini har sabon ya kama. Ko wannan magani da ake ta kambamawa, a kan ledar jinin da wani ya bayar yake tsaye.

Na'urar da nake nufi ita ce ta afaresis, kuma na fara ganin ta ne ranar da na raka ɗan wani abokina. Allura a wannan hannu, allura a wancan. Jini ya fita ya shiga wani abu mai juyawa da gudu, nauyi ya raba shi kashi-kashi: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, ruwan jini a sama, farare a tsakiya. Na'urar ta kwashe jajayen nan masu lanƙwashewa ta zuba a wata leda, ta haɗa ruwan jinin yaron da lafiyayyun ƙwayoyin da aka kawo daga banki ta mayar masa. Cikin awa biyu zuwa uku an gama, yana ta wasa da waya. Tun 2016 hukumar NICE, wadda ke tantance abin da asibitocin gwamnati za su kashe wa kuɗi, ta ba da shawarar a riƙa amfani da irin wannan na'ura, Spectra Optia, ga masu sikilar da ke buƙatar jini a kai a kai. Dalilin a fili yake. Kowace ledar jini na ɗauke da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar. Wanda ake yi wa ƙari kawai duk wata, ƙarfen nan taruwa yake a hanta da zuciya, sai an haɗa shi da wani maganin na kullum don cire shi. A musanya kuwa, gwargwadon abin da ya shiga, gwargwadon abin da ya fita.

Sai dai na'urar ci gare ta. Babban mutum kan lashe leda takwas zuwa goma a zama ɗaya, kuma duk bayan 'yan makonni zai dawo. A nan Ingila ta gamu da abin da kuɗi ba ya saye. Mu mun saba da A da B da O, da "fositif" da "negatif", alhali a jikin jar ƙwaya akwai wasu alamomin da yawa. In aka yi ta ba mutum jinin da bai dace da nasa a waɗannan alamomi ba, jikinsa zai fara ƙera garkuwa a kansu, har a wayi gari samo masa jini ya zama aiki, ko ma jikin ya farfasa jinin da aka ƙara masa ya haɗa da nasa. Akwai wani nau'i da ake kira Ro, wanda ya ninka kusan sau goma a cikin baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa. Yawancin masu sikila a nan 'yan asalin Afirka da Karibiyan ne, yawancin masu ba da jini kuma Turawa ne. Shi ya sa hukumar jini ta Ingila take ta roƙon baƙar fata su fito, shi ya sa kuma a 2024 aka fara yi wa masu sikila da talasemiya (wani ciwon jini na gado) gwajin ƙwayoyin halitta don a san rukunin jininsu dalla-dalla.

A gida lamarin a juye yake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 duk shekara. Jinin da Landan ke nema da fitila, ga shi nan yana yawo a jijiyar miliyoyin matasa. Abin da babu shi ne hanyar da zai bi daga hannun mai shi zuwa firij tun kafin a buƙace shi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ƙasashe masu arziki na tara leda fiye da 30 a kan kowane mutum 1,000, matalauta kuwa kamar biyar. Wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan: likita ya ce a nemo jini, a hau kiran 'yan uwa da tsakar dare, wanda aka samu a ce nasa bai hau ba, a ƙarshe a koma wa masu sayarwa. Na taɓa kwana a kan waya daga nan ina haɗa wa wata 'yar uwata leda biyu. Biyu kacal, ba goma ba. An yi dokar kafa hukumar jini ta ƙasa a 2021, amma har yau dangi ne bankin jinin yawancin mutane.

Wannan ne ya sa binciken da ya fi burge ni a shekarun nan ba daga Boston ko Landan ya fito ba. Daga Kano ne.

Bari in koma baya kaɗan. Cikin yara masu SS, kusan 11 cikin 100 kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. A 1998 wani bincike a Amurka mai suna STOP ya nuna za a iya gano yaran da ke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wata 'yar na'ura, TCD, da ake ɗorawa a gefen kai. Duk yaron da gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, in aka sa shi a ƙarin jini duk wata, haɗarin na raguwa da kashi 92 cikin 100. A 2005 aka gwada dakatar da ƙarin, haɗarin ya dawo. A 2016 binciken TWiTCH ya nuna bayan aƙalla shekara guda ana ƙarin jini, wasu yaran za a iya mayar da su kan haidiroksiyuriya, ƙwayar maganin sikila da ake sha kullum. Duk da kyau. Amma kowanne daga cikin ukun ya ɗauka akwai jinin farawa.

Likitocin Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sai suka yi tambayar da ta dace da ƙasarsu: in jinin duk wata ba zai samu ba, ƙwayar ita kaɗai fa? Binciken SPRING, wanda Shehu Abdullahi da Michael DeBaun ke cikin jagororinsa, ya ɗauki yara 220 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu a asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko, dukkansu TCD ya nuna suna cikin haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi 20. Sakamakon ya fito a 2022: a ɓangarorin biyu, waɗanda suka samu shanyewar jiki ba su kai biyu cikin 100 a shekara ba, alhali a STOP yaran da ba a yi wa ƙarin jini ba kusan goma ne cikin 100. Masu shan 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Mai ido zai ce ai ba a gwada ƙwayar da ƙarin jini kafaɗa da kafaɗa ba, yaran Kano na yanzu aka kwatanta da yaran Amurka na shekarun baya. Haka ne, kuma ba na so a ji kamar na ce ƙwaya ta maye gurbin jini. Yaron da ƙirjinsa ya kama, ko wanda jininsa ya zube farat ɗaya, leda yake buƙata a daren. Amma uwar da ke zaune a layin asibitin sikila ba tsakanin ƙwaya da na'ura take zaɓi ba, tsakanin ƙwaya da babu ne. Ga shi kuma binciken REACH, da aka yi kan yara wajen 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda aka wallafa a 2019, ya nuna maganin ya rage tashin ciwo, ya rage buƙatar ƙarin jini, ya rage mace-mace, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi, abin da da farko ake tsoron zai ƙaru. Duk ledar da ƙwaya ta hana a buƙata, ta zama ta wani majiyyacin.

Wannan tunani na tattalin jini ba a sikila kaɗai ya tsaya ba. A Yuganda da Malawi binciken TRACT ya duba yara kusan 4,000 masu matsanancin ƙarancin jini, ya gano waɗanda ba su da alamun haɗari za a iya sa musu ido ana aunawa maimakon a garzaya da ƙari, muddin sa idon na gaske ne. Shi kuma E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin manyansa, leda mai ma'auni aka shimfiɗa a ƙarƙashin mai haihuwa don a daina kintatar jinin da ta zubar da ido, aka kuma haɗa magungunan tsayar da shi a ba ta lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100, a binciken da ya shafi mata fiye da 200,000 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Leda ce fa, ba injin miliyoyi ba. Su ma Turawan tun 1999 suke rage hannu, suna jira sai himogulobin, wato ma'aunin ƙarfin jini, ya sauka zuwa 7 kafin a ƙara wa yawancin marasa lafiya, duk da binciken MINT na 2023 ya ja kunne cewa mai bugun zuciya kada a matse masa haka.

Sababbin magungunan masu tsada kuwa, biyu sun riga sun faɗi a gabanmu. Tarayyar Turai ta soke izinin Adakveo a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna ya fi maganin bogi rage tashin ciwo, kamfanin Pfizer kuma ya janye Oxbryta daga kasuwannin duniya a Satumban 2024 saboda fargabar illarsa. Tsohuwar ƙwayar da aka amince da ita ga masu sikila tun 1998 tana nan daram.

Inda nake da ja da 'yan uwana mazauna waje shi ne nan. Duk sanda muka zauna taron ƙungiya aka zo maganar taimaka wa gida, sai wani ya miƙe ya ce a haɗa kuɗi a sayi na'urar musanya jini. Tana da kyau a hoto, ana iya manna mata sunan ƙungiya. Amma kowane zama sai an sa mata sabon saitin robobi da ake shigo da shi daga waje, sai wutar da ba ta ƙiftawa, sai nas ɗin da ta ƙware, sai leda goma da aka tantance. Manyan asibitocin koyarwa su mallake ta, don akwai ranar da ita kaɗai ke ceton rai. Mu dai da kuɗinmu bai taka kara ya karya ba, kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa. Kuɗin na'ura ɗaya zai sayi na'urorin TCD, ya horar da masu aunawa, ya biya wa yara masu yawa ƙwaya da gwajin jinin da ake bibiyarta da shi. Ba wanda zai yanka kyalle a kan wannan, na sani.

Sannan akwai abin kunyar da ya fi kusa da mu. A zauren taron nan, in ka ce duk wanda ya taɓa ba da jini a ƙasar nan ya ɗaga hannu, da ƙyar ka ƙirga biyar. Wani ya ce shi AS ne, alhali mai AS na iya bayarwa, sai dai ba mai sikila za a sa wa nasa ba. Wani ya ce ya yi zazzaɓin cizon sauro a gida, alhali gwaji ake yi, ba kora ba. Wani kuma dai allurar ce, ya ƙi faɗa. Mililita 470 ake ɗiba, namiji duk mako 12, mace duk mako 16. Ni ma sai da na shekara huɗu a nan kafin na je, kuma ɗan abokin nan nawa ne ya kunyata ni, da ya tambaye ni, "Kawu, kai wane rukuni ne?" na kasa ba shi amsa.

Ro ne ashe. Bayan kwanaki da bayarwar farko saƙo ya shigo wayata ɗauke da sunan asibitin da aka kai ledar, a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Na tura hoton saƙon a zauren danginmu, inda aka yi ta yaɗa labarin Casgevy. Mutum biyu suka sa alamar yabo. Ƙanwata ta rubuto tana tambaya ko ban ji jiri ba.