Allah ya raya, in ji mai kula da rumbu

Mu malaman lissafi na wasu makarantun sakandare a nan Kumasi muna da wani rumbu a intanet da muke zuba takardun aikin Maple, manhajar lissafin nan da aka ƙirƙiro a Jami'ar Waterloo ta Kanada a farkon shekarun 1980. Wanda ya haɗa darasi mai kyau sai ya saka, na Bantama ya ɗauka, na Asawase ya ɗauka. Sai dai kafin takarda ta shiga, dole ta bi ta hannun wata Malama da muka ɗora wa kula da rumbun, ita kuwa ba sani ba sabo in ana maganar ƙa'ida.

Ƙa'idojin nata shafi ɗaya ne, na kuma karanta su kamar yadda ake karanta 'yar takardar cikin kwalin magani.

Darasina a kan rariyar Eratosthenes ne, tsohuwar dabarar Girkawa ta tace lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu: ka bar 2 ka soke duk ninkinta, ka bar 3 ka soke nata, haka dai har abin da ya rage ya zama tsaba. Ni da ban iya yin abu kaɗan ba, na kai shi har miliyan, inda ake samun irin waɗannan lambobi 78,498. Na aika da daddare, na kwanta ina jin ni ma an zo wajen.

Da safe ina layin koko da ƙosai a Aboabo saƙonta ya shigo. Sunan fayil ɗin ta fara kamawa, wai "Darasi na ƙarshe GYARARRE sabo.mw" bai yi ba: ƙananan haruffa kawai, ba tazara, ba harafi mai lanƙwasa, domin wata kwamfutar alamar tambaya take mayar da shi. Sai nauyi. A Maple, in ka rufe umarni da waƙafi mai ruwa, zai zazzago maka sakamakon a allo. In ka rufe da ruwa biyu, ya yi aikin ya yi shiru. Ni waƙafi mai ruwa na saka, don haka duk lambobin nan 78,498 suna kwance a cikin takardar da shuɗin rubutu. Ta ce a goge sakamako kafin a aiko, kuma datar da ta saya ta sati ta tafi a kan darasina.

A ƙasan saƙon ta rubuta: "Malam, ashe an yi haihuwa ba mu ji ba? Allah ya raya."

Na tsaya da ledar ƙosai a hannu ina tunanin wa ya kai mata gulma. Ashe wani layi ne a takardar yake neman fayil ɗin gwaji ta cikakkiyar hanyar da ke kwamfutata, hanyar kuwa ta bi ta jakar da na sa wa "Hotunan Suna da Kuɗin Rago". Ƙa'ida ta ce fayil ya zauna kusa da takarda, a kira shi da sunansa kawai.

Na gyara na mayar. Bayan la'asar ta kira ni a waya. Ta ce ta rubuta restart, umarnin da ke sa Maple ya fara daga sabo, a layin farko, yadda ƙa'ida ta tanada, ta danna maɓallin nan mai alamar motsin rai uku da ke gudanar da takarda daga sama har ƙasa, abu ya cije a tsakiya. Na ce, "Malama, a kwamfutata yana aiki lafiya lau." Ta ce, "To Malam, ko kwamfutar taka za ka kawo mu saka a rumbun?"

Na kashe waya ina huci, na ci alwashin ɗaukar mata bidiyo don hujja. Na saita waya kenan aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar tawa ya daɗe da rasuwa, don haka ta bi wutar. Da dumsor, wato ɗaukewar wutar nan, ya sake mu na kunna, na danna, sai ga saƙon kuskure mai ruwan hoda yana kallona, a gaban kyamara kuma.

Washegari na kira ɗan yayata da ke karatu a jami'a. Ya hau trotro daga Ayigya, ya duba takardar bai fi minti biyu ba ya ce, "Kawu, ina ka ba wa n ƙima?" Na ce ai n, wato iyakar da rariyar za ta tsaya, miliyan ce. Ya ce, "A ina?" Na hau na sauka, babu. Na tuna na rubuta layin tun farkon aikin, daga baya na goge shi don takardar ta yi tsaf. Ya ce ai Maple ba ya mantawa don an goge layi, yana riƙe da abin a ƙwaƙwalwarsa har sai an rufe shi ko an ce restart. Ni kuwa kwana da kwanaki ban rufe ba.

Yaron ya ɗauko samfurin da ke haɗe da ƙa'idojin, wanda sai ranar na san da shi, ya tsara komai: take, sigar Maple da aka yi aiki da ita, sashe-sashe, bayani kafin kowane umarni. Na biya shi da waakye mai ƙwai da kuɗin mota.

Aka karɓa. Na buɗe rumbun a ofishin malamai don abokan aiki su shaida, sai na ga a wajen marubuci an rubuta "Saka sunanka a nan". Na kira Malama. Ta ce ita lissafi ta duba, kuma abin da ya riga ya shiga rumbu ba a taɓa shi, sai dai in sake aikowa da sabuwar lambar siga, ya bi layi. Na ce mutum nawa ne a gabana? Ta ce in fara tambayar ranar da za ta sayi data.