Tazarar da ke tsakanin taurari ita ce gishirin wasannin sararin samaniya

Shekaranjiya bayan sallar isha'i muka zauna a ƙofar gida ni da ƙanena, hira ta kai mu ga wasannin kwamfuta na sararin samaniya, daga nan musu ya kaure. Shi dai ya dage cewa wasan da ya fi yawan taurari shi ne gaba. Ya ce min, "Yaya, No Man's Sky fa duniyoyin da ke cikinsa 18 ne da sifili 18 a gabanta, wane wasa ne zai ja da wannan?" Na ce masa lissafin nan gaskiya ne, amma ni abin da nake fara dubawa idan na buɗe taswirar irin wannan wasa shi ne yadda aka baza taurarin, ina suka cunkushe, ina suka yi ƙaranci, ina babu su sam. Ba mu ƙare ba aka kira shi cikin gida, ni kuma maganar ta kwana tana cin raina. Shi ya sa na ce bari in rubuta ta a nan, waɗanda ke buga irin waɗannan wasanni su faɗi nasu ra'ayin.

Mu fara da sama ta gaske, wadda Allah ya shimfiɗa a kanmu. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu sunansa Proxima Centauri, kuma haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mana daga can. Wannan adadi ba ya zama a kai sai an rage shi. Ɗauki goro ɗaya, ka ce shi ne rana, ka ajiye shi a Kano. Duniyarmu za ta zama ƙwayar yashi, taku uku ko huɗu daga goron. To Proxima fa? Ƙwayar dawa ce guda ɗaya, tana can wajen Legas. Tsakanin goron nan da ƙwayar dawan nan babu wani tauraro ko ɗaya. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana ta gudu har yau, amma da can ya nufa, da sai ya shafe sama da shekara 70,000 kafin ya isa. Idan ka zana da'ira mai nisan shekarar haske 10 kewaye da rana (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya), taurarin da za ka tarar a ciki goma sha 'yan kai ne kawai, kuma yawancinsu ƙananan jajaye ne masu raunin haske, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin hangen nesa. Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin galaksinmu, wato babban garken taurarin da ranarmu ke ciki, irin waɗannan ne.

Amma unguwarmu ba ita ce ma'auni ba. Galaksin da muke ciki, Milky Way, kamar faifai yake, faɗinsa kimanin shekarar haske 100,000, kaurinsa kuwa a inda muke bai wuce 1,000 da wani abu ba. Yana da hannuwa da suka murɗe, taurari sun fi taruwa a cikinsu. Mu muna can nesa da cibiya da kimanin shekarar haske 26,000. Idan ka doshi cibiyar, cunkoso sai ƙaruwa yake har ka kai daf da babban baƙin ramin da ake kira Sagittarius A* (wuri ne mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce masa), inda taurari suka ninka na wajenmu sau miliyoyi. Idan kuma ka doshi baki-baki, ko ka hau sama ka bar faifan, sai su yi ta sirancewa har su ƙare. Wato halittar kanta ba a shimfiɗe take bai ɗaya ba, akwai birni, akwai ƙauye, akwai daji, akwai hamada.

Wasan da na ga ya girmama wannan tsari shi ne Elite Dangerous, na kamfanin Frontier da ke Ingila, wanda ya fito a ƙarshen 2014. David Braben, wanda shi da Ian Bell suka yi Elite na farko tun 1984, ya sa an gina galaksinmu da girmansa na gaske, da gidajen taurari biliyan 400, wato kowane tauraro da abubuwan da ke zagaye shi. Kimanin 150,000 daga ciki an ɗauko su ne daga kundin masana taurari, sauran kuma wata manhaja da suka sa wa suna Stellar Forge ce ta ƙirƙira su, bisa la'akari da yawan nauyin da ya kamata a samu a kowane yanki. Inda ya kamata a cika ta cika, inda ya kamata a bar fili ta bari. A cikin wasan, mutane na zaune ne a wani ɗan yanki kewaye da rana, sauran duk jeji ne. Sama da shekara goma ana bugawa, amma abin da duka 'yan wasan duniya suka taka ko kashi 1 cikin 1,000 bai kai ba.

A wasan nan kumbonka yana da iyakar tsallen da zai iya yi daga tauraro zuwa tauraro. Ƙaramin da ake ba ka da farko da ƙyar yake wuce shekarar haske 7 ko 8, wanda aka gyara don doguwar tafiya kuwa yana iya yin 60 ko 70. Nan ne cunkoso ko ƙarancin taurari ke zama abin da kake ji a jikinka. Lokacin da na yi tafiya zuwa cibiya, na shafe makonni ina yin awa ɗaya ko biyu da daddare idan akwai wuta. Da farko sama baƙa ce, taurari jefi-jefi, Milky Way kuma wani farin zare ne can gefe. Sannu a hankali zaren ya yi kauri, ya zama bango. Wata rana na fito daga tsalle na juya hancin kumbon, sai na ga babu inda zan sa ɗan yatsa a gilashin ban rufe tauraro ba. Taswira ta koma kamar an watsa gero a tabarma. Na saki abin tuƙin na jingina da kujera, bakina ba abin da yake faɗi sai subhanallah. Abin da ya sa ganin ya ratsa ni shi ne na san daga inda na fito, na san duhun da na ratso. Da tun daga ƙofar gida haka saman take, da ba zan ɗaga kai ba ma.

A ɗaya gefen kuma akwai wuraren da taswira ke ce maka babu hanya. Tsakanin hannuwan galaksin a can baki, tazarar tauraro da tauraro takan fi ƙarfin tsallenka. Sai ka koma kana lissafi da hannu, ka sauka a wata duniya ka tsinto ma'adinan da za su ƙara wa injinka ƙarfi na tsalle ɗaya tak, ko ka nemi tauraron niyutiron, wato dunƙulallen ragowar babban tauraron da ya fashe, ka shiga wutsiyar haskensa ya ninka maka tsallen sau huɗu, da sanin cewa kuskure kaɗan zai iya hallaka kumbon. Haka mutane suka riƙa kai kansu Beagle Point, wani tauraro a can ƙarshen ɗaya ɓangaren, nisan shekarar haske kusan 65,000 daga rana. A 2019 sama da mutum 10,000 suka yi rajistar tafiya can a ayari guda, suka yi watanni a hanya. Abin da ya tara su shi ne wahalar isa wurin.

Ni kaina na taɓa faɗawa tarkon wannan fili. A wasan, mai daga jikin taurari ake kwasarsa, amma ba kowanne ke bayarwa ba. Akwai wasu dusassu, waɗanda wutarsu ba ta kama sosai ba, ko ka kwana kana zagaye su ba za ka samu ɗigo ba. Wani dare na shiga yankin da suka yi yawa, na yi tsalle biyar a jere ban samu na kwasa ba, har ya zama man da ya rage ba zai kai ni ko tauraro mafi kusa ba. Na kashe duk abin da ke shan wuta a kumbon, na bar na numfashi kawai. Duk binciken da na tara na makonni yana cikin kumbon nan, idan ya tafi ya tafi da shi. Sai na nemi Fuel Rats, wata ƙungiyar 'yan wasa 'yan sa-kai da ta fara tun 2015, aikinsu kawai kai wa waɗanda suka maƙale mai. Tambayar farko da suka yi min ita ce ko iskar gaggawa ta fara ƙirga min lokaci. Na ce a'a. Suka ce in zauna yadda nake. Bayan wani lokaci sai ga hasken wani kumbo ya ɓullo daga duhu, ya harbo min 'yan ƙananan na'urori ɗauke da mai, allurar tanki ta fara hawa. Mutumin bai san ni ba, ban san ƙasarsa ba, ko sisi bai karɓa ba. Kafin ya tafi ya tsaya ya koya min yadda zan tace taswira ta nuna min taurari masu mai kawai. Wannan zumunci filin ne ya haife shi. Inda babu hamada ba a buƙatar mai kawo ruwa.

Kakanninmu fatake sun san wannan karatu tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Ayarin gishiri da ke tashi daga wajen Agadas zuwa Bilma ba ya miƙewa yadda ya ga dama a cikin Tenere, rijiya ce ke zana masa hanya, Fachi kuma ta zama zango mai daraja saboda babu wani ruwa kusa da ita. Darajar madugu ita ce ya san kwana nawa ne tsakanin wannan ruwa da wancan. Ka haƙa rijiya a kowane kilomita, ka ga ko wani zai sake neman madugu.

Shi ya sa wasannin da taurarinsu ba su da yawa ma sukan fi masu tiriliyoyi ba ka jin cewa kana wani wuri. EVE Online na kamfanin CCP da ke Aisland, tun 2003 ake buga shi, gidajen taurarinsa ba su kai 8,000 ba. Amma da yake ƙofofi ne ke haɗa su, wasu wuraren sun zama mashiga ɗaya tilo, ana tare hanya a can, ana yaƙi a kansu, ɗaya daga cikinsu kuma, Jita, ta zama babbar kasuwar da kowa ya san sunanta. Da manyan jiragen yaƙi suka fara tsallake rabin taswira cikin 'yan mintuna, a 2014 kamfanin ya rage musu nisan tsalle, ya kuma sa musu gajiya bayan kowane tsalle. Bai ƙara tauraro ko ɗaya ba, amma duniyar wasan ta ƙara faɗi. Stellaris ma, wanda babbar taswirarsa taurari 1,000 ne, a 2018 masu shi suka cire hanyoyin tafiya na ko'ina-da-ko'ina suka bar layuka tsayayyu, don a samu mashigar da za a iya tsarewa. Mutane da yawa sun yi fushi a lokacin, ni kuwa ina ganin sun yi daidai.

Ƙanena yana da hujja guda da ba zan raina ba. Ya ce mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ga data da tsada, ga wuta ba tabbas, sannan a ce ya zauna yana kallon baƙin allo? Gaskiya ne. A cikin Elite akwai wata tasha, Hutton Orbital, a gidan Alpha Centauri, wadda a da sai ka yi kusan awa ɗaya da rabi kana tafiya miƙe ba abin da kake taɓawa kafin ka isa, abin da ta shahara da shi kuma wani kofin shan shayi ne na tunawa da ake sayarwa a can. Wuri ɗaya irin wannan abin sha'awa ne, ya zama labarin da 'yan wasa ke ba juna. Da duk tashoshin haka suke da babu mai bugawa. Ni ba ina kiran a sa mu zaman jira ba ne. Unguwar da sabon ɗan wasa zai fara ta kasance a cike, taurari kusa da kusa, kasuwa da aiki a ko'ina. Amma yana matsawa waje ya fara jin ƙasa tana canzawa a ƙarƙashinsa, har ya kai inda dole ya tsaya ya yi shawara da kansa: in ci gaba ko in koma?

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda ake ta cinye wannan tazara da kaɗan-kaɗan don a faranta wa masu gaggawa. Tun da aka kawo manyan jiragen dako a Elite a 2020, masu tsallen shekarar haske 500 a tashi ɗaya, wuraren da a da sai gwani ke kai wa sun zama na wanda ya samu kujera a jirgin wani. Colonia, wani matsugunin mutane a wasan mai nisan shekarar haske 22,000 daga rana, da can zuwanta hijira ce, mutum ya yi sallama da abokai. Yanzu kana iya ajiye kumbonka a jirgin dako ka tafi harkokinka, a kai ka. Na san ya sauƙaƙa wa mutane da yawa, ban kuma ce a hana su ba. Sai dai duk lokacin da aka ƙara wa tsalle nisa, tamkar an matso da taurari kusa da juna ne, ko da ba a taɓa taswirar ba. Cunkoson da ɗan wasa ke ji ya dogara ne da taurari nawa ƙafarsa za ta iya kaiwa daga inda yake tsaye.

Daren da muka yi musun nan, bayan ƙanena ya shiga, na daɗe a waje. An ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, Kaza da 'Ya'yanta ta fito sarai a gabas. Taurarin nan nisansu ya haura shekarar haske 400, kuma suna cikin Elite da sunayensu na gaske, Maia da Merope da sauransu. Na taɓa zuwa can a ƙaramin kumbo mai gajeren tsalle, sai da na yi ta kewaye saboda wani gibi da ya tare ni a hanya, na isa bayan tsalle da yawa, shuɗin haskensu ya cika min gilashi. Gobe in Allah ya kai mu zan zaunar da ƙanena a gaban kwamfutar, in ba shi irin wannan ƙaramin kumbon, in nuna masa Maia a taswira, in ce ya kai kansa can ba tare da na faɗa masa hanya ba.