Ba Hausa ce ke kayar da 'ya'yanmu a Turanci ba

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa a Nuwamban 2025, masu ganin Hausa ce ke hana yaro iya Turanci suka samu bakin magana a Bauchi. Hujjar ministan ita ce yankunan da suka rungumi tsarin su ne suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB.

To, a yi lissafi mana. A ƙarshen 2022 ne Ministan Ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ɗan Azare, ya sanar da tsarin. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan nan ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi ɗin da Turanci aka yi ta karantar da su, ko abin da ake kira Turanci.

Leƙa aji uku ka gani. Malam ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi kamar masu rera waƙa. Ka tambayi ɗaya ma'anarta, sai ya sunkuyar da kai. A wasu makarantun kuɗi ma monita na riƙe da takarda yana rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara. Iyaye na murna wai ana horar da yaro, alhali shiru kawai ya koya. Wanda aka hana shi tambaya da harshen da yake tunani da shi, ta yaya zai fahimci wani sabo?

An gwada wannan tun 1970 a Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa: shekara shida ana koyarwa da Yarabanci, Turanci kuma darasi ne a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Masu cewa harsunan jihar sun yi yawa su shiga kasuwar Muda Lawal su ji da me ake ciniki.

Malamin da ake tura wa yaran nan shi kansa bai iya rubuta wasiƙar neman hutu da Turanci ba. Sai an koma kwalejojin ilimi na Azare da Kangere an gyara yadda ake yaye shi, sannan a daina ɗora wa Hausa laifin da ba nata ba.