Kwana 11 ruwa bai iso gonata ba, me zan ce wa dillali?

Yau kwana 11 rabon da ruwa ya iso ƙarshen kanal ɗinmu. Tumatirina yana tsakiyar fure, kuma duk manomin rani ya san a wannan gaɓar shuka ba ta jure ƙishi. Furen yana kaɗewa ina kallo. 'Ya'yan da suka riga suka ɗaura sun fara baƙi a gindi. Ran da aka ga dama aka sako ruwa da yawa lokaci guda, ragowar kuma su tsattsage. Wa zai sayi fasasshen tumatir ya loda shi zuwa Legas?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba a fari muke ba. Tun zamanin Gwamna Audu Bako na Kano aka gina madatsar ruwa ta Tiga domin mutanen Kura, Bunkure da Garun Malam su yi noma rani da damina. Ruwan yana nan, hanyarsa ce ta lalace. Ciyawar kacala ta cinye magudanai, yashi ya cike su, na sama su datse su sha su ƙoshi, mu na ƙasa a bar mu da taɓo. In ka je tambaya a ce maka ana gyara. To, gyaran ba shi da rana ne? Me ya hana a sanar da mu kafin mu yi dashe, kafin mu zuba taki na bashi?

Wani zai ce ka ja da inji mana. Da wane fetur? Tun da aka cire tallafi a 2023, ban-ruwa da inji ya koma na masu hali. Na gwada sau biyu, na lissafa, na ga kuɗin man zai haɗiye ribar tun ba a tsinki kwando ɗaya ba.

Ga kuma maganar ciniki, wadda masu zama a ofis ba sa ganewa. Tun ina dashe na karɓi kafin alƙalami a hannun dillalina, na yi masa alkawarin kaya mako-mako, shi ma ya yi wa mai mota da mutanensa na kasuwar Mile 12 da ke Legas nasa alkawarin. Jiya ya kira ni ya ce, “Malam, kwando nawa zan sa maka a lissafi?” Wallahi na rasa amsa. Shekara da shekaru ina duban gona in faɗi abin da za ta bayar, da wuya in kuskure. Bana na kasa, domin ban san ranar da shukata za ta sha ba.

Haka farashi yake haukacewa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Mako guda babu kaya, kwando ya yi tashin gwauron zabi, alhali ba mu da abin sayarwa. Mako na gaba na kowa ya nuna tare, kasuwa ta cika, a taya maka kuɗin da bai kai na kwandon da ɗan dako ba, kuma dole ka sallama don tumatir ba ya jira. Mai cefane a birni yana zagin manomi da tsada, bai san ina bin kwami-kwami da fitila cikin dare ina sauraron ko ruwa ya taho ba.

Zafin Maris yana tafe, bayansa babu sauran tumatirin kirki. A yashe kanal, a kafe mana jadawalin sakin ruwa a inda kowa zai gani, a kuma bi shi. Dillalina zai sake kira ran Alhamis.